Yadda Baƙo Zai Zaga Unguwannin Jos Cikin Mutunci

Abin da ya fi ruɗar Bahaushen da ya sauka Jos daga Kano ko Katsina shi ne harshe. Mai Keke Hausa yake yi, mai kabeji a Farin Gada Hausa take yi, fasto da Hausa yake wa'azi, matan zumunta kuma da ita suke waƙa ranar Lahadi. Sai baƙo ya saki jiki ya ɗauka duk gida ne. Gida ne kuwa, amma mai sassa da yawa, kowane sashe da ƙa'idar shigarsa. Wanda ya gaishe ka da Hausa tsantsa yana iya zama Berom, ko Afizere, ko Anaguta, ko Ngas, ko Tarok, ko Bayaraben da kakansa ya zo daga Ogbomosho, ko Ibon da aka haifa a Apata. Suna ma ba ya raba gardama. Musa, Yakubu, Danladi, Talatu da Ladi duk ana samunsu a masallaci, ana samunsu a coci. Saboda haka kada ka yanke wa kowa hukunci daga bakinsa ko sunansa, kada kuma ka faɗi wata magana kana zaton duk 'yan cikin motar naka ne.

Kuza ce ta tara mutanen nan. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka buɗe haƙar ma'adinai a tsaunukan Filato, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na Fatakwal ya biyo baya a 1927, leburori da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis suka yi ta kwararowa daga ko'ina suka tarar da Berom da Afizere da Anaguta a ƙasarsu. An daɗe ana zaune a cakuɗe. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, su ne suka sa mutane da yawa suka sayar da gidajensu ko suka yi musaya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Taswirar waya ba za ta nuna maka wannan ba. Za ta ce maka Unguwar Rogo da Unguwar Rukuba tafiyar 'yan mintoci ce, ba za ta gaya maka cewa ta farko kusan duk Musulmi ne, ta biyu kuma kusan duk Kirista ba.

A taƙaice ga yadda garin yake. Gangare, Dilimi, layin Masallacin Juma'a, Ali Kazaure, Bauchi Road, Unguwar Rogo, Rikkos da 'Yan Shanu Musulmi ne suka fi yawa. Jenta Adamu, Kabong, Unguwar Rukuba, Congo-Russia, Apata, Hwolshe da mafi yawan Tudun Wada Kirista ne. Nasarawa Gwom da Anglo Jos da Bukuru suna da duka biyun, amma a cikin unguwar kowa ya san layin da nasa ya tsaya. Dadin Kowa kuwa ta yi suna a kan cewa dattawanta da matanta sun hana wutar shiga lokacin da maƙwabtanta suka kama. Kasuwanni da manyan tituna na kowa ne da rana. Lunguna ne ke buƙatar a san da wa aka zo.

Nemi ɗan unguwa, ba ɗan gari kawai ba

Wannan shi ne matakin da in ka tsallake shi sauran ba su da amfani. Mutum yana iya shekara talatin a Jos bai taka wasu unguwanni ba tun 2008. Abokinka na Unguwar Rogo zai nuna maka kowane lungu a can, amma in ka ce ya kai ka Jenta Adamu wataƙila ya yi ta kwana-kwana, ko ya kai ka don kunya alhali shi ma baƙo ne a wurin. Abin da ake yi shi ne miƙa hannu: mai masaukinka ya haɗa ka da abokin aikinsa, ko abokin cinikinsa, ko wanda suka yi makaranta tare da ke zaune a ɗaya unguwar, a yi waya tun jiya, a sa lokaci, ya tarbe ka a bakin titi inda ake sauka daga Keke. Kada ku yi alkawarin haɗuwa a ƙofar gidansa, domin yawancin lungunan ba su da suna a rubuce, kuma baƙon da ke kai da kawo yana leƙen gidaje shi ne ake fara tsarewa da tambaya.

In ziyarar ta wuce gaisuwa, wato kana bincike ne, ko ɗaukar hoto, ko neman gidan haya, ko rabon kayan taimako, to ka fara da mai unguwa. Minti goma ya isa: a gabatar da kai, ka faɗi abin da ya kawo ka da lokacin da za ka tafi. Daga nan labari zai kai ga 'yan sintirin unguwa kafin ka kai gare su. Wanda ya ƙi yin haka yakan ɓata awa biyu yana bayani ga samarin da ba su da ikon cewa to, amma suna da ikon cewa a'a.

In cikin lunguna za ka shiga, unguwa biyu a yini sun isa, uku in suna jere. Shiga lungu tsakanin ƙarfe 9 na safe da 5 na yamma, ka koma masauki kafin magariba. Layuka da yawa suna da ƙofar ƙarfe ko shinge da ake rufewa da dare, kuma fuskar da aka yi wa maraba da hantsi ba lallai a gane ta a duhu ba.

Ranaku ba ɗaya ba ne

Litinin zuwa Alhamis sun fi sauƙi. Ranar Juma'a daga tsakar rana har a sauko, ana tare hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallaci da sauran masallatan Juma'a. Ranar Lahadi da safe haka ake yi a gaban manyan coci-coci, musamman tun bayan hare-haren bam na 2012 a hedikwatar cocin COCIN da kuma cocin St. Finbarr da ke Rayfield. In ka tarar da shinge, ka juya ka bi wata hanya, ko ka jira. Kada ka ce ai hanya ta gwamnati ce. Rikicin 2001 daga gardamar wucewa ta hanyar da aka tare don sallar Juma'a a yankin Congo-Russia ya faro, kuma babu ɗan Jos da ya manta da haka.

Ka kauce wa ranar zaɓe da ranar faɗin sakamako, musamman na ƙananan hukumomi, domin na 2008 daga zaɓen shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi. Sallah da Kirsimeti kuwa su ne lokacin da ziyara ta fi armashi in an gayyace ka, don har yanzu akwai gidajen da ke aika wa juna abinci da nama, sai dai hukumomin tsaro sun sha hana Keke fita a waɗannan ranaku, don haka ka tanadi mota tun da wuri. Mai son ganin al'adun masu ƙasa ya nemi ranar bikin Nzem Berom, wanda ake yi wajejen faɗuwar damina, ko Igoon Izere na Afizere.

Sai yanayi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba irin na Kano ba ne, yana shiga ƙashi; rigar sanyi da safa dole ne ko da rana ta fito. A Yuli da Agusta ruwa yakan sauko ba sallama, kogin Dilimi ya cika cikin ɗan lokaci. Ambaliyar Yuli 2012 ta ci rayuka a Rikkos da Gangare da kewaye. In hadari ya haɗu kana unguwannin bakin rafi, kada ka bi ƙananan gadojin ƙafa, ka zagaya ta babban titi.

Hanyar da ta fi dacewa da yini na farko

Fara daga kasuwar Farin Gada da ke kan hanyar Zariya, da sassafe, lokacin da ake sauke tumatir, karas, kabeji, koren wake da dankalin Turawa. A nan za ka ga yadda garin ke aiki in an bar shi: manomi daga ƙauye, dillali Bahaushe, mai saye daga Kudu, duk a kan kwando ɗaya. Daga nan ka gangaro Katako, kasuwar gwanjo da hatsi da katako, sannan Terminus da ke tsakiyar gari. Ƙaton ginin da za ka gani a can shi ne Babbar Kasuwar Jos da ta ƙone a Fabrairu 2002. Tun daga lokacin ciniki ya watsu zuwa titin Ahmadu Bello da Murtala Mohammed da Rwang Pam. Terminus wuri ne na cunkoso, nan ne aka tayar da bama-baman Mayu 2014, don haka kada ka ajiye jaka ka matsa, kada kuma ka faka mota inda ba a san ka ba.

Daga Terminus da ƙafa ake shiga tsohon gari. Layin Masallacin Juma'a, Dilimi da Gangare su ne cibiyar Jasawa, Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin kuza, kuma a wannan gari ne Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978. Can gefe kuma, tafiya kaɗan, ga cocin St. Theresa a Church Street, ga shagunan Ibo na kayan lantarki da littattafai. Cikin rabin awa za ka ratsa duniya uku ba ka hau komai ba. In ɗan rakiyarka na Nasarawa Gwom ya shirya, ka ƙarasa yinin a can, inda Yarbawa Musulmi da Kirista suka daɗe, har gida ɗaya yakan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa cocin Baptis.

Yini na biyu ka nufi kudu ta titin Yakubu Gowon: Anglo Jos, Dadin Kowa, Zarmaganda, kasuwar Building Materials, har Bukuru, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar gari. Wanda ke da sauran lokaci ya tsaya gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya ga sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Gargaɗi ɗaya game da kudancin gari: tafkunan da ke Rayfield da Bukuru ramukan kuza ne da ruwa ya cika. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, ƙasansu laka ce. Kallo kawai, ban da wanka, ban da barin yara su matsa.

Abin hawa

An hana achaba na haya a cikin Jos da Bukuru shekaru da dama, ko da yake za ka gan su a wasu unguwanni. Hawa su a babban titi yana iya jawo a kama mashin ɗin kana kai. Keke da tasi su ne abin dogaro, sai manyan motocin Tin City Metro da gwamnatin jiha ta zuba a manyan hanyoyi. Kafin ka shiga Keke ka faɗi sunan unguwar da mahaɗar da za ka sauka, a yi ciniki a gama. In mai Keke ya ce iyakarsa mahaɗa kaza, ba ya shiga ciki, kada ka matsa masa, kada ka ƙara masa kuɗi don ya karya ƙa'idarsa. Ya san abin da ya sa. Ka sauka, ka tsallaka, ka hau na 'yan unguwar. Riƙe canji ƙanana, da katin shaida na gaske, ba hotonsa a waya ba, saboda shingayen jami'an tsaro. A shinge direba ya rage gudu, ya sauke gilashi, da dare ya kunna fitilar ciki, kai kuma ka ajiye waya.

Shiga gida da gaisuwa

Tufafi ba sa buƙatar dabara. Kaftani da hula kowa na sawa a Jos, Kirista da Musulmi. Wasu kan ba baƙo shawarar ya cire hula ko ya sauya suna in zai shiga wata unguwa. Wannan gurguwar shawara ce: in aka gano, abin da da gaisuwa zai ƙare ya zama zargi, kuma ka jefa mai masaukinka cikin jin kunya. Ka je a yadda kake, da rana, tare da wanda aka sani. Mace mai shiga Gangare ko Unguwar Rogo ta sa sutura mai tsawo ta yafa gyale ko da ba Musulma ba ce. Mai hijabi kuma da za ta Tudun Wada ta tafi da 'yar unguwa, ba sai ta cire komai ba.

A gidan Musulmi ka yi sallama daga waje ka jira. Namiji ba ya wuce zaure ko falon baƙi sai an ce ya shigo, ba ya kuma miƙa wa matar gida hannu. A gidan Kirista "gafaranku dai" ko "sannunku da gida" ya wadatar, kuma a nan uwar gida tana iya fitowa ta miƙo maka hannu. In ba ka musabaha da mata, ka riga ta: ka ɗora hannu a ƙirji, ka ɗan rusuna, ka tsawaita gaisuwa da baki, "Mama, mun same ku lafiya? Ya sanyi? Ya yara?" Barin hannunta a miƙe kana kallon gefe shi ne abin da ba a mantawa. Dattijon Berom ana sa masa "Da" kafin sunansa, dattijuwa kuma "Ngo". Baba da Mama suna aiki ko'ina, haka Alhaji da Hajiya inda suka dace. Ka kuma kira mutane da sunan da suke kiran kansu: Afizere, Ngas, Tarok, Mwaghavul, maimakon Jarawa, Angas, Yergam da Sura da aka saba ji a bakin tsofaffi. "Arne" da "inyamiri" kuwa ka bar su a tasha, ko da wasa.

Tsaraba ba sai mai tsada ba. Ga dattijo goro ko kwalin sukari da ganyen shayi, ga gida mai yara burodi ko lemo da ayaba daga kasuwa. Ziyarar farko kada ta wuce minti talatin zuwa arba'in, sai in an tsare ka da abinci.

Abinci shi ne inda baƙi suka fi yin tuntuɓe. In an kawo maka gwate, wato faten acca ko tsakin masara da aka dafa da alayyafo da yakuwa da gauta, ka ci, babu abin tsoro a ciki, kuma a sanyin Jos babu abin da ya fi shi. Haka tuwon acca da naman riɗi. Musulmin da ke da damuwa game da yanka ya gaya wa wanda ya kawo shi tun a hanya, shi zai san yadda zai faɗa; gidajen Kirista da yawa a Jos sun saba da baƙi Musulmi, naman shanu na kasuwa kuma galibi mahauta Musulmi ne ke yanka shi. Tambayar "wa ya yanka?" a gaban uwar gida bayan ta ajiye kwano cin fuska ne. A wasu unguwanni za ka wuce gidan burkutu ko inda ake gasa naman alade ko na kare. Ka wuce abinka, ban da toshe hanci, ban da tofar da yawu. Kiristan da ya shiga unguwar Musulmi da azumi shi ma kada ya ci ko ya sha a bakin titi, kuma in an tayar da sallah ana cikin hira ya zauna inda yake har a idar. In a gidan Kirista aka ce a yi addu'a kafin a ci, ka yi shiru har a gama, ba wanda zai ce sai ka ce wani abu.

Lokacin sallah yana buƙatar lissafi. Akwai unguwannin da ba za ka sami masallaci ba yanzu. Ka yi azahar kafin ka shiga, ko ka roƙi mai gida ruwa da wuri a cikin ɗaki, abin da da wuya a hana ka. Shimfiɗa darduma a bakin layin da ba a san ka ba yana tara jama'a ba gaira ba dalili.

Hira da hoto

An ce matambayi ba ya ɓata, amma a Jos ya danganta da tambayar. Tambayi hanya, tambayi farashin dankali, tambayi yadda Plateau United ta yi a filin wasa, tambayi dattijo yadda garin yake lokacin da kamfanonin kuza ke aiki, za ka sha labari har ka gaji. Kada ka tambayi "wa ke da Jos?", ko wa ya fara a shekara kaza, ko mutum ɗan asali ne ko baƙo. Maganar takardar shaidar zama ɗan ƙasa da sarauta da ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ita ce jijiyar rigimar, kuma kowane ɓangare yana da tarihinsa da ya haddace da mamatansa da yake ƙirgawa. In mai gida ya buɗe zancen da kansa, ka saurara, ka yi masa jaje, kada ka kawo masa abin da aka gaya maka jiya a ɗaya unguwar. Ɗaukar magana daga wannan layi zuwa wancan shi ne mafi munin abin da baƙo zai yi.

Kangon gidajen da aka ƙone har yanzu suna nan a wasu iyakokin unguwanni. Kada ka ɗauke su hoto. Mai gidan yana iya kasancewa shi ne ke zaune a shagon da ke kallonka. Haka shingen sojoji, barikin Rukuba, gidan gwamnati, da ƙofar masallaci ko coci ana cikin ibada. A kasuwa ka fara sayen wani abu, sannan ka nemi izini.

In gari ya motsa

Alamun a bayyane suke: masu shaguna suna jawo ƙofofi lokaci ɗaya, Keke suna juyowa babu fasinja, iyaye suna rige-rigen ɗauko yara daga makaranta. Sau da yawa jita-jita ce, ko ɓarawon waya aka biyo, kafin awa ɗaya an sake buɗewa. Duk da haka ba kai ne za ka tsaya tantancewa ba. In kana cikin gida, ka zauna, mai gida ya fi ka sanin lokacin fita da hanyar bi, kuma barinsa ka fita da gudu ya fi zaman haɗari. In kana titi, kada ka bi ayarin masu gudu cikin lungun da ba ka sani ba. Ka tsaya a babban titi ka nufi wurin jami'an tsaro mafi kusa, ko banki, ko asibiti. Kada ka yi ƙoƙarin ratsa wata unguwa don ka isa taka. Ka kira mai masaukinka ka faɗi inda kake daidai, ka bar tura saƙonnin WhatsApp da ba ka tabbatar ba, ka kama rediyon jihar don jin ko an sa dokar hana fita da ƙarfe nawa za ta fara. Saboda irin wannan ne ake so wayarka ta kasance da caji da kati tun safe, lambobin mutum biyu kuma, ɗaya daga kowane ɓangaren gari, su kasance a rubuce a takarda cikin aljihunka.